Kowa da Irin Shurinsa

Shekara shida ke nan ina tsayawa a sahun baya na ajin tekwando, duk safiyar Asabar da Lahadi, a wani zauren taro na makaranta a nan Kano wanda fanka ɗaya ce tal ke juyawa a cikinsa, ita ma sai ta ga dama. Kowa ya san sahun baya ba na gwanaye ba ne. Amma wurin kallo ne da babu kamarsa, don daga can dunduniyar kowa a gabanka take. Mutanen da sun ce ba ka sanin mutum sai kun yi tafiya, ko ciniki, ko maƙwabtaka. Ni na samu gajeriyar hanya: ka tsaya a bayansa, Masta ya daka tsawa ya ce, "Af-cagi, goma-goma, ƙafar dama!"

Shurin gaba ke nan. A boko ap chagi ake rubuta shi, mu da leɓɓanmu ba sa shiri da wancan harafin muka mai da shi af-cagi muka huta. Shi ake fara koya wa yaro ran da ya ɗaura farar ɗamara, shi kuma ake ta gyara masa har ya yi furfura. Masta namu gida huɗu yake raba shi: "Gwiwa! Harba! Dawo! Ajiye!" Harbi dai jaki ma ya iya. A wurin dawo da ƙafa ake rabuwa, a nan kuma hali ke fitowa.

Mu fara da mai ihu, tunda ko ba mu fara da shi ba shi zai fara da mu. An gaya masa kihaf, wato ihun da ake yi wurin shuri, gajere ne, daga ƙasan cibiya yake tasowa, daidai lokacin da ƙafa ta isa. Shi kuwa ya ɗauka yaron mota ake nema a tashar Unguwa Uku. Ihunsa yakan riga ƙafarsa fita, ya kuma daɗe yana yawo a zauren bayan ta sauka. Ƙafar kanta, in ka auna da adalci, ba ta wuce tsayin bokiti. Awakin maigadi sun saba da mu duka, amma har yau in ya kurma nasa sai sun bar dusa sun ɗago kai.

Kusa da shi akwai mai sitaci. Wannan ya lura cewa in gwani ya saki ƙafa, wandon dobok, wato fararen kayan wasan, yakan ba da wata ƙara, fas, kamar an kaɗa bulala. Ya ga hanyar neman saurin da ke haifar da ƙarar ta yi masa nisa, sai ya yanke ya nemi ƙarar kai tsaye. Ya kai kayansa wurin mai wanki da guga, ya ce a zuba musu sitaci kamar shaddar ango. Yanzu ko rusunawa ya yi don gaida Masta sai ka ji ƙaras-ƙaras kamar ana murza ledar burodi. Ran da gumi ya sa sitacin ya saki, na kama shi yana marin cinyarsa da tafin hannu daidai lokacin shuri. Muka haɗa ido. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Tun daga ranar dai shi ke riga gaishe ni.

Tsohon ɗan ƙwallo ba laifinsa ba ne. Shekara goma sha biyar ƙafarsa na tasowa daga baya a miƙe, yatsu a tsuke, yau ka ce ya naɗe gwiwa ya tanƙware yatsu sama? Yana sakin ƙafa sai jiki duka ya bi ta, sannan ya ɗaga kai yana duban inda ƙwallon ta faɗa. Babban yatsansa na dama ya san duk masu ɗorin unguwarsu.

Na fi ganin girman ɗan dambe. Wata biyu ya yi mana, ɗan gidan mahauta ne, hannun dama a can baya a ɗane kamar an naɗe shi da zare, na hagu a miƙe yana auna mutum. Shuri ba baƙonsa ba ne, a dambe ma ana kai ƙafa. Abin da ya kasa shiga kansa shi ne yadda ƙato zai yi ta harbin iska sau ɗari babu abokin karawa, babu kalangu, babu mai liƙi. Ran nan ya jira aka tashi, ya matso cikin ladabi ya ce, "Masta, ni fa ban gane ba. Yaushe ake kisan?" Aka zaunar da shi aka yi masa bayanin maki, biyu in ka samu ƙirji, uku in ka samu kai. Ya yi shiru can, ya ce, "Wato mutum yana tsaye da ƙafafunsa a ce an cinye shi?" Bai sake zuwa ba. Ni kuma har yau ban samu amsar da ta gamsar da ni ba, balle shi.

Yanzu ku gyara zama, ga Alhaji.

Likita ne ya ce ya riƙa motsa jiki saboda hawan jini, shi kuma ya ga tafiya a ƙasa a bakin titi ba ta dace da mutum irinsa ba, kada a ce karayar arziki ce. Ɗansa yana ajinmu, sai ya biyo shi. Ran farko da babbar riga ya zo. Rana ta biyu ya zo da dobok ɗin da telansa ya ɗinka, don babu lambarsa a na kanti. Telan, Allah ya yi masa albarka, ya ga farin yadi fili guda babu ado, zuciyarsa ta ƙi, sai ya ɗan sa masa aiki a wuya. Ya kuma yi masa aljihu biyu. Ɗamara kuwa sai da aka haɗa biyu aka ɗinke kafin bakin ya sadu da baki.

Ƙarfe bakwai ake farawa. Alhaji yana isowa bakwai da minti ashirin da biyar, daidai an gama gudu da tsalle-tsalle da miƙe jijiyoyi, kuma wannan dacewar ba ta taɓa kuskure ba ko sau ɗaya. Direba na biye da shi da fulas ɗin shayi da tawul da waya biyu. A bakin ƙofa, inda kowa ke rusunawa shiru ya shige, Alhaji sallama yake rangaɗawa, sannan ya bi sahu yana gaisawa da mutane ɗaya bayan ɗaya: ya gida, ya gajiya, ya mai jiki, ashe an yi muku rasuwa. Masta, wanda a haife Alhaji ya haife shi, yana tsaye da hannu a baya yana haɗiye "caryot" ɗin, wato umarnin a ƙame, da ya riga ya ɗauko. Rusunawar ma sai da aka yi zama a kanta. Alhaji ya ce shi ruku'u ga Allah kaɗai yake yi, Masta ya ce ai ɗan sunkuyar da kai ya wadatar, aka rabu kowa ya gamsu. Mu na baya mun san ko da an yi fatawar halasci, akwai abin da zai tokare shi a hanya.

Sai a zo shuri. Matsalar af-cagi a wurin Alhaji rikicin fili ce: gwiwa na son hawa, tumbi ya riga ya mallaki wurin, da takardunsa. Masta ya ce "hana", Alhaji ya ɗago gwiwa har ta gaisa da maƙwabcin nata. "Dul", ya sauke ta don ya sake shiri. "Set", waya ta yi ƙara. Ban san yadda aka yi ba, amma wayar Alhaji ta iya ƙidayar Koriya, ba ta taɓa bari an kai "net" ba. Direba ya rugo da ita a hannu biyu, Alhaji ya koma gefe, ɗamara na reto, mu muna harbin iska muna sauraron yadda ake cinikin riɗi buhu ɗari uku a Dawanau. "A'a, ka ce masa ban sallama ba. Ya kira anjima, yanzu ina wurin tirenin." A kan kalmar tirenin ɗin nan yakan ɗaga murya, don na can su san da wa suke magana. Yana dawowa sahu daidai "yol", ya yi kihaf tare da kowa, ya miƙa hannu a ba shi tawul.

In Masta ya matso gyara, cikin lallami yake yi. "Alhaji, a ɗan ƙara ɗaga gwiwar."

"To Masta, a hankali dai. Gwiwar nan ta yi Safa da Marwa tun ba a haife ka ba."

Yana da ra'ayi kuma a kan fasahar kanta. A ganinsa duk shurin da ya wuce gwiwar abokin gaba almubazzaranci ne. "Ɓarawo in ka same shi a ƙwauri ai ya zauna. Me ya kai ni fuskarsa?" Abin haushin, da gaskiyarsa. Yana da magani ga kowane ciwo da ke cikin zauren, daga man zafi na Makka zuwa wani saiwa da ake jiƙawa, kuma duk wanda ya yi targaɗe sai ya sha bayaninsa kafin ya samu ƙanƙara. Azumi na saura mako biyu yake ɗaukar hutu don shiri, ya ƙara mako uku bayan Sallah don warwarewa, ya dawo yana ƙorafin an wuce shi a karatu.

Ran gwajin ɗamara ba zan manta ba. Teguk Il Jang ne, fumse na farko, wato jerin motsin da ake haddacewa, motsi goma sha takwas, shuri biyu kacal a cikinsa. Alhaji ya taho lafiya har wajen rabi, sai ya juya hagu inda duniya ta juya dama, ya yi kiciɓis da wani yaro ɗan shekara tara, fuska da tumbi. Ya ja da baya, ya nuna masa hanya da hannu ya ce, "Bismilla, wuce." Shurin farko ya yi shi. Na biyun ya yi niyya. Aka ba shi rawayar ɗamara, ya sa aka kawo waina da miyar taushe kula uku, takardar shaidar kuma tana rataye a shagonsa cikin gilashi, sama da kalandar banki.

Amma ba a yi wa Alhaji dariya da ƙarfi a ajinmu. Tabarmar robar da muke takawa shi ya saya, kafin zuwansa a kan siminti muke faɗuwa. Ran da yaranmu uku za su je gasa aka rasa kuɗin mota, direban nan mai fulas ne ya kai su ya dawo da su. Kuma wata Lahadi, bayan shekara biyu cur, ina bayansa na gani da idona: gwiwar ta hau har ɗamara, ƙafar ta fita, ta dawo, wandon telan ya ce fas. Alhaji ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama yana dubanta kamar ta wani ce aka ba shi ajiya. Waya ta yi ƙara, direba ya taso. Ko waiwaye bai yi ba ya ce, "Bar ta."

Samari kuwa kowane zamani da abin da ke kawo su. Mu fim ɗin Chanis ne ya kawo mu, lokacin da duk abin da aka yi da farar riga da ɗamara kareti ne sunansa. Na yanzu waya ce. Tun da Abdurrazak Isufu Alfaga na Nijar ya ciwo azurfa a Rio a 2016, lambar Olamfik ta biyu a tarihin ƙasar bayan tagullar damben Isaka Dabore ta 1972, ya kuma zama zakaran duniya a Muju a 2017, duk wani dogon yaro da ya taɓa buga kai a ƙofar ɗaki ya ga ai shi ma hanya a buɗe take. Ba ya tambayar asuba nawa Alfaga ya yi yana ɗaga gwiwa. Shi dai ya ga tsayi, kuma yana da shi.

Irin wannan yaron af-cagi raini ne a wurinsa, shurin 'yan firamare. Ranar da ya zo yake tambayar yaushe za a fara na juyi, irin wanda Cheick Cissé na Kwaddebuwa ya ci zinare da shi a daƙiƙar ƙarshe a Rio. Kafin Masta ya shigo za ka same shi yana katantanwa a tsakiyar zaure, ya tashi sama, ya sauko da abin da ba ƙafa ba. Na taɓa jan shi gefe na ce masa wannan shurin da yake rainawa da shi Anderson Silva ya kwantar da Vitor Belfort a 2011, ƙafa ɗaya a haɓa, zance ya ƙare. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Kawu, turo min bidiyon." Hotonsa na Facebook kuwa abin kallo ne, ƙafa a miƙe har sama da kai, fuska a murtuke. In ka ƙura ido a gefen hoton, wajen dunduniya, za ka ga yatsu uku na ƙanensa da ba a gama yankewa ba.

Hajiya, uwar wani yaro a ajinmu, ba ta taɓa taka tabarmar ba, amma daga kan benci ta fi Masta yawan umarni. "Ɗaga mana! Haka nake biyan kuɗin? Dubi ɗan mutane!" In aka taɓa nata kuwa, ko da iskar ƙafa ce, sai mayafi ya tashi.

Masu riƙe tagat, ɗan matashin da ake kai wa shuri, su ma jama'a ce guda. Akwai mai runtse ido ya kau da kai tun kana ɗaga gwiwa, kamar wanda za a yi wa allura. Akwai mai riƙe ta sakwa-sakwa, kana bugu ta tashi ta faɗa kan awaki. Akwai mai ɗaga maka ita daidai goshinsa alhali ya san iyakarka cibiya, yana cewa yana taimakonka ne. Akwai kuma mai hira, wanda sai ka saki ƙafa yake juyawa ya amsa gaisuwar wani, tagat ɗin ta bi shi.

Sannan akwai yarinyar nan ta sahun gaba, 'yar shekara goma sha ɗaya, da ɗan hijabinta a cuse cikin wuyan dobok yadda ta ga Hedaya Malak ta Masar na yi. Ita ba ta da wani abin ba'a, kuma wannan shi ne laifinta. Ba ta ihu fiye da kima, ba ta sitaci, ba ta duban madubi. Gwiwa ta hau, wani abu ya gifta, ƙafa ta koma inda take, kafaɗarta ko motsi. Sau goma iri ɗaya kamar an buga a inji. In Masta ya gaji da mu yakan ce, "Zo ki nuna musu." Mu goma sha, da gemu da jikoki da digiri, mu tsaya muna kallon abin da aka yi shekaru ana gaya mana. Ta gama, ta rusuna, ta koma wurinta tana gyara ɗamara. Da za ta yi ɗan taƙama ma da mun samu abin riƙewa.

Duk waɗannan ina son su, har mai ihu. Ran da ɗayansu bai zo ba sai zauren ya yi faɗi. Akwai guda ɗaya da na kasa yi masa dariya, na gwada kuwa.

Saurayi ne, sabuwar baƙar ɗamara, kuma ya iya. Nan ne abin ya fi ciwo. Na ga ƙafarsa in yana gaban Masta, ko gaban wanda ya fi shi: tana tsayawa saura yatsa ɗaya ta taɓa hogu, rigar kariyar ƙirji, ta koma kamar an ja ta da zare. Ya san "dawo" sarai. Amma a ce kowa ya nemi abokin gwaji, sai ka ga idonsa na yawo a sahu yana neman farar ɗamara, ko siririn yaro, ko baƙon da bai san kowa ba. A jikin irin waɗannan ne ƙafarsa ke yin mantuwa. Tana shiga ta zauna, da nauyin jiki a bayanta. Yaro ya dunƙule, shi kuma ya buɗe hannu yana murmushi: "Ai ban sa ƙarfi ba." In an yi magana ya ce, "Haka ake koyo. Mu ma haka aka yi mana." Yana da wani wasan kuma da yake ji da shi: ya riƙe wa yaro tagat, ya zuga shi ya sa ƙarfinsa duka, sai ƙafa ta taho ya janye. Duk wanda ya taɓa sakin cikakken shuri a iska ya san abin da gwiwa ke ji in ta miƙe ta ƙulle babu abin da ya tare ta. Shi dariya yake yi.

Akwai wani yaro ɗan shekara goma sha uku da ke tahowa a ƙasa daga nesa, da dobok ɗin aro wanda aka naɗe hannuwansa sau biyu. Kullum shi ke riga kowa zuwa, har shara yake yi kafin mu iso. Mako na biyar aka haɗa su, babu hogu, gwajin nisa ne kawai, taɓa ka dawo. Ƙafar ta shige masa ƙarƙashin haƙarƙari. Ya durƙusa, baki a buɗe, numfashi ya ƙi zuwa, hawaye na zuba ba tare da kuka ba. Da ya samu kansa ya miƙe, ya haɗa ƙafa, ya rusuna wa wanda ya buge shi, don haka aka koya masa. Asabar ta gaba babu shi. Bayan wata biyu na gamu da shi a hanya, ya gaishe ni har ƙasa ya ce, "Kawu, karatu ne ya yi yawa."

Ángel Matos na Kuba, da ya shuri alƙalin wasa a fuska a Beijin a 2008, cikin fushi ya yi, a gaban duniya, aka kuma kore shi daga wasan har abada. Namu da sanyin rai yake yin nasa, a kan wanda ba shi da bakin ƙara, kuma ɗamararsa na nan a ƙugunsa. Masta ya yi masa faɗa, ya ce to, ya yi mako biyu lafiya. Ni da na ga abin tun daga ɗaga gwiwa ban ce uffan ba a ranar, na tsaya ina gyara ɗamara, kuma wannan shirun yana cikin abin da ke ƙara min haushinsa. Alhaji ne kaɗai ya yi magana. Ya janye ɗansa daga kusa da shi, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Yaro, in ƙarfi ne ke damunka, akwai buhuna a Dawanau. Ana biya ma."

Saura mutum ɗaya, kuma shi ba ya cutar kowa sai da baki. A sahun baya yake tsayawa. Ya san a 1955 aka raɗa wa wasan suna, ya san rawar da Janar Choi Hong Hi ya taka da yadda aka rabu gida biyu, har ya san ɗaya gidan apcha busigi suke kiran shurin nan. Ya san an buɗe Kukkiwon a Seoul a 1972, aka kafa hukumar duniya a 1973, aka nuna wasan a Olamfik na 1988, aka fara ba da lambobinsa na sosai a Sidni a 2000. Ya san Chika Chukwumerije ya ciwo wa Najeriya tagulla a 2008. Ya san dalilin da ya sa hukumar ta gajarta sunanta a 2017, haruffa ukun tsohon sunan sun zama ashar a intanet, kuma yakan ba da labarin yana dariya shi kaɗai. Zai iya yi maka bayanin abin da ya sa ake tanƙware yatsu, da yadda ƙugu ke tura ƙafa, da abin da ya sa 'yan gasar zamani, tun da hogu mai lantarki ya shigo, suka fi dogara da shurin gefe na ƙafar gaba. Yana lura da kuskuren kowa, har rubutawa yake yi. Shekararsa shida, ɗamararsa shuɗiya ce, ta ma fara kodewa. An kuma lura cewa iliminsa ya fi tasowa a wani lokaci na musamman, wato da an gama ƙafar dama za a koma ta hagu.

Lahadin da ta wuce aka haɗa shi da yarinyar nan ta sahun gaba. Ta riƙe masa tagat daidai cibiyarta, don ta san shi. Ya yi goman dama, yana haki. Sai ya tuna ashe bai taɓa gaya mata asalin kalmar kihaf ba, ya sauke hannu ya fara. Ta saurara cikin ladabi, tagat ɗin na nan a miƙe ko girgiza babu. Da ya tsaya jan numfashi ta ce, "Kawu, ka gama? Saura hagu."

Na waiwaya ko wayar Alhaji za ta yi ƙara. Direban na zaune a kan benci yana shan shayin, wayoyin biyu a kashe.